Makin Kawu Wilf

Haddleworth,
5 ga Disamba

Darryl ɗana,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Kawunka Wilf. Ina fatan kana lafiya, kuma sanyin tsibirin nan naku bai gama cinye maka yatsu ba. Safar da na saƙa maka ta iso? Shiru ka yi, kamar yadda ka saba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ta sa ni gaba tun watan jiya. Na gamu da uwarka a kasuwa ranar Juma'a, ta ce in tuna maka ita ma ƙofarta tana da ramin jefa wasiƙa.

Kawunka yana nan, sai dai ciwon mantuwar ba ya ja da baya. Shekaranjiya ya sa butar shayi a firij, ya zo yana tambayata wa ya shigo ya sace ta. Wayar gida har yanzu a cire take. Da ta yi ƙara sai ya zabura ya ce daga masaƙa ake nemansa, ya makara, masaƙar da aka rufe shekara talatin da suka wuce. Don haka ka ci gaba da haƙuri da rubutuna.

To ga maganar. Na san ko a can kun ji. Jiya aka raba wasannin kofin ƙwallon ƙafa, kuma Stanbeck muka samu, a gidansu, ran shida ga Janairu. Shekara goma sha ɗaya rabon da mu haɗu da mutanen nan. Da aka faɗa a talabijin Wilf ya miƙe tsaye ba sanda, ya jero mini sunayen 'yan wasa goma sha ɗayan da suka je can suka ci su tun kafin a kawo uwarka ta biyu, wato ni, gidan nan, har da wanda ya zauna a benci. Mutumin da bai san ranar da muke ciki ba. Ya ce, "Nor, ki wanke mini gyalen wuyana, kuma kada ki sa masa wannan sabulun naki mai ƙamshin mata." Na shiga kicin na yi kukana na fito.

Tikiti dubu ɗaya da ɗari takwas kacal 'yan baƙin cikin suka ba mu, masu so kuwa sun fi dubu goma. Bisa makin zuwa wasannin waje za a sayar kamar kullum, mai yawa ya fara zuwa tagar sayar da tikiti. Kev mai bas ya ce a ganinsa duk wanda bai kai ɗari uku da hamsin ba ya nemi rediyo. Katin Wilf da naka kowanne yana da ɗari huɗu da goma, tunda tare suke tafiya. Nawa na kaina goma sha biyu ne, ko wasan sada zumunta ba zai kai ni ba.

Ran ashirin da tara ga wata za a buɗe taga. Zan je da katunan biyu kamar yadda nake yi shekara huɗun nan, tun ranar da ka ajiye mini naka a kan tebur ka ce in riƙa raka Kawu. Ba izini nake nema ba, amma sunanka ne a jiki, ladabi ya sa na faɗa maka.

Ka riƙa cin abinci mai zafi.

Taka,
Anti Noreen


Yell, Shetland,
10 ga Disamba

Anti Noreen,

Na samu wasiƙarki jiya. Ina gaishe ki, ina gaida Kawu. Allah ya ba gwiwa lafiya, kuma ki daina hawa kujera kina goge saman taga, na san halinki. Safa ta iso, yanzu haka tana ƙafata. Ni lafiya. Aiki dai shi ne: mu fita teku da duhu, mu ciyar da kifi a keji, mu dawo da duhu muna wari. Waya ba ta kamawa a nan sai an hau tudun bayan coci, shi ma sai ta ga dama.

A jirgi na ji labarin Stanbeck. Ihun da na yi ya sa direban ya kashe inji, ya ɗauka wani ne ya faɗa ruwa.

Anti, ban san ta inda zan fara ba, don haka bari in faɗa kawai. A ranar na je wurin shugabanmu na roƙi hutun kwana biyar, ya ba ni, na kuma kama wuri a jirgin Aberdeen. Na ɗauka wannan karon ni zan je da Kawu. Da aka yi wasan ƙarshe a can ina ɗan shekara sha tara, makina bai kai ba, a bakin titi na tsaya ina kallon bas ta tafi. Na yi wa kaina alkawari na gaba da ni za a yi. Kuma, kada ki ji haushi, katin nan dai sunana ne.

Ni tun can tsarin nan bai kwanta mini ba. Ba ka samun maki sai ka je wasan waje, ba ka samun tikitin wasan waje sai kana da maki. To ta ina sabon mutum zai shiga? Mutum dubu biyu sun shige sun ja ƙofa. 'Yar abokina Shaun shekararta ashirin da biyu, tun tana 'yar shida take zuwa wasan gida ba fashi, amma wasan waje ba ta taɓa samun wanda ake rububi ba. Kuma ke ma kin san rabin sunayen da ke saman layi ba su ne ke zuwa ba. Akwai mutum biyu da na sani suna kwance a maƙabartar St Anne, amma bana ko wasa ɗaya bai wuce su ba. Ban ce ke ba fa. Tsarin nake nufi.

Na ji an ce bana kulob ya ware tikiti ɗari da tamanin na ƙuri'a don masu ƙaramin maki. Me zai hana ki sa naki katin a ciki? In aka dace sai mu tafi mu uku, ni in riƙe Kawu ta dama ke ta hagu.

Ki rubuto mini yadda kika gani.

Naki,
Darryl


Haddleworth,
14 ga Disamba

Darryl,

Muna lafiya. Ina fatan kai ma haka. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa.

Sau uku na karanta wasiƙarka, na ajiye ta a ƙarƙashin tulun sukari, na sake ɗaukowa ko za ta canja. Ƙuri'a! Ni za ka tura ƙuri'a, in shiga hula ɗaya da mutanen da ba su san hanyar Carlisle ba?

Tunda sunanka ne, bari in gaya maka inda sunanka ya je. Makin kakar wasa uku na baya kawai ake lissafawa, ka sani. Wato a ɗari huɗu da goman nan babu ko ɗaya da ka samo da ƙafarka. Sunanka ya je Plymouth ranar Talata, awa bakwai zuwa, awa bakwai dawowa, aka ci mu huɗu ba ko ɗaya, mu tamanin da huɗu ne a bayan raga ana mana ruwa. Sunanka ya yi awa uku a gefen babbar hanya da bas ta mutu, yana rarrashin Kawunka da shayin filas. Sunanka ya tsaya a ƙofar bayin maza a filaye ashirin da wani abu, yana roƙon samarin da bai sani ba, "Don Allah ɗan nan, leƙa mini tsoho mai hular toka, ya daɗe a ciki." Ni da na yi shekara talatin ina sayar da burodi ranar Asabar, ban san mene ne satar gida a ƙwallo ba sai da na tsufa.

Ka ce ba adalci. Wataƙila. 'Yar Shaun ta ba ni tausayi. Amma Wilf shekara hamsin da biyu yana bin kulob ɗin nan, na'urarsu kuwa uku kawai ta sani. Shi ya sa ko ranar da ba ya jin daɗi nake sa masa kwat mu tafi, don in muka yi fashin kaka ɗaya mun faɗo ke nan, ba hawa kuma.

Ga abin da ban gaya maka ba, ban kuma gaya wa uwarka ba. Likita ta ce kafin bazara sai an sama masa gado a gidan kula da tsofaffi. Ta ce hayaniyar fili ta kusa fin ƙarfinsa. Stanbeck ce ta ƙarshe, Darryl. A gida yakan kira ni da sunan yayarsa, wani lokaci ya ce mini "baiwar Allah". Amma da ya taka matakalar bas ɗin Kev aka ce, "Wilf, nawa za mu ci yau?" sai ka ga mijina ya dawo. Ya yi waƙa, ya zagi alƙalin wasa tun kafin a san wane ne, ya juyo ya ce, "Nor, ina burodin?" Wurin nan kaɗai ya rage da ba ya laluben sunana.

Kana so ka kai shi, zo ka kai shi. Sai dai ka sani ranar Talata na nuna masa hotonka, ya ce ai wannan mai gyaran famfo ne. In ya waiwaya a cikin mutum dubu bai gan ni ba, ban san abin da zai yi ba, kai ma ba ka sani ba.

Kamar wannan bai isa ba, Kev ya ce a wannan wasan kulob zai tsinci wasu sunaye, kamar ɗaya cikin ashirin, a ce sai mai sunan ya karɓi tikitinsa a bakin fili da katin shaida. In ya faɗo kan naka, ban ga yadda zan zama namiji ɗan shekara talatin ba. Da wannan nake kwana nake tashi, sai ga wasiƙarka.

Noreen


Yell,
18 ga Disamba

Anti Noreen,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu. Ni lafiya, sai kunya.

A jirgi na buɗe wasiƙarki, na kasa gamawa sai da na shiga ɗakin inji. Ban sani ba, Anti. Uwata ba ta taɓa cewa komai ba sai "Wilf yana nan yana fama." Na yi maganar banza, ki yafe mini. Yau da safe na mayar da hutun, na soke wurin jirgi. Tikitin naki ne, makin naki ne, babu nawa a ciki ko ɗaya.

Abin da ya tsaya mini shi ne maganar katin shaida. Bai kamata ki yi sati uku kina fargaba a kan abin da kika sha wuya kika samu ba. Na yi tunani, na ga hanyar da ta fi ita ce a bi ta ƙofa. Zan rubuta wa kulob in gaya musu gaskiya tun daga farko: ni na tafi aiki, Kawu ba shi da lafiya, ke kike raka shi da katina shekara huɗu. In roƙe su su mayar da makin kan sunanki. Zan jera musu wasannin da kika je, har da Plymouth. Ai mutane ne, Anti. Wa bai san Wilf Entwistle ba a filin nan? Hotonsa yana rataye a mashayar magoya baya. Da sun karanta za su ji kunya su gyara, kila ma su kira shi tsakiyar fili a tafa masa.

Ranar Juma'a zan shiga Lerwick sayayyar Kirsimeti, daga can zan tura musu saƙon don su gani kafin su tafi hutu. Wannan ita ce kyautata gare ki bana. Ki kwantar da hankalinki, na ɗauke miki wannan.

Naki,
Darryl


Haddleworth,
21 ga Disamba

Darryl,

Muna lafiya. KADA KA RUBUTA MUSU. Ka ji ni? Kada ka tura komai.

Yanzun nan wasiƙarka ta shigo. Na mayar da wayar gida na kira ka sau huɗu, ba ta shiga. Wani mai talla ya bugo a tsakani, Wilf ya tashi yana neman takalmin aiki, dole na sake cirewa. Wannan ta hanyar gaggawa zan aika, sun ce gobe da safe za ta same ka.

Kowa a bas ɗin nan ya san da katin wa nake tafiya. Masu taga ma sun sani. Abin da ba a rubuta ba babu shi, haka ake yi tun kafin a haife ka. Da ka sa a takarda ka ɗaure musu hannu. Bara Alf Duckworth ya rubuta musu godiya, ya ambaci cewa surukinsa ne ya je masa wasa biyu da aka yi masa aiki a ido, suka share masa komai.

Na gode da niyyarka, ɗan nan, na kuma yafe maka waccan. Amma ka bar mini fargabata, na iya da ita.

Anti Noreen


Lerwick,
22 ga Disamba

Anti Noreen,

Gaisuwa a gurguje, ina fatan kuna lafiya. An gama! Da ƙarfe goma sha ɗaya na tura, shafi biyu cur. Matar laburaren nan ta duba mini rubutun, sai da ta share hawaye. Har amsa ta zo cewa sun karɓa, za a duba.

Na ga an kira ni jiya daga lambar gidanku. Na bugo sau uku ba ta shiga ba, sai na ce Kawu ne ya taɓa wayar.

Iska ta taso tun daren jiya, ba jirgin ruwa ba na sama, wasiƙu ma an ce sun tsaya a Aberdeen. Ban san yaushe wannan za ta fita ba. In ta same ki bayan biki, to barka da Kirsimeti a makare. Ki ce wa Kawu biyu da ɗaya za mu ci, ni na faɗa.

Naki,
Darryl


Haddleworth,
29 ga Disamba

Darryl,

Muna nan. Kirsimeti ta wuce lafiya, Wilf ya ci abinci sosai. Taka ta ran ashirin da biyu jiya ta iso. Da na ga kwanan watan na san tawa ba ta same ka ba, amma na ce kila ba su buɗe saƙon ba tukuna, ai hutu ake yi.

Sun buɗe.

Da ƙarfe takwas muna layi ni da Wilf, shi yana ta gaisawa da mutane kamar ɗan takara. Bev ce a taga, wadda muka yi aiki da uwarta a gidan burodi. Na miƙa katunan, ta sa na farko a na'ura, sai na ga fuskarta ta canja.

Ta ce, "Misis Entwistle, ko za ki ɗan zagayo ta gefe?"

Na ce, "Faɗa mini a nan, Bev. Tun kina cikin zanen goyo na san ki."

Ta rage murya ta ce, "An rufe su. Duka biyun."

Na ce, "Na Darryl na ji. Na Wilf fa, me ya yi?"

Ta ce tunda a tare ake sayen tikitin, kuma katin Wilf ne ke gaba, doka ta ce shi ya saya wa wanda ba mai suna ba. An share makin duka, an kuma hana katunan tikitin waje na shekara guda. Ta ce, "Wallahi da baki aka faɗa mini da ban ji ba. Amma a rubuce ya zo, ya bi ta sama, har da jerin wasanni da ranaku. Ya za mu yi?" Tana magana idonta na kawo ruwa, har na ji kamar ni ce zan ba ta haƙuri.

Na ce a kira mini babbansu. Aka ce yana hutu. Na ce wa zan kai wa kuka? Ta ba ni takarda, ta ce kwamitin ɗaukaka ƙara zai zauna a watan Fabrairu. Duk wannan Wilf yana bayana yana gaya wa wani saurayi yadda ake tsare ɗan gaban Stanbeck. Da muka juyo ya ce, "Kin karɓo?" Na ce za su aiko ta gidan waya.

Kev ya biyo mu har wajen ƙofa, ya cire hula. Daga baya ya ce, "Wane jakin ne ya rubuta musu?" Na ce wani ne mai ƙaunarmu. Ya zagaya duk 'yan bas ko akwai mai sakin nasa. Yanzu kowa tsoro yake ji, an ce bayan saƙonka za a tsananta duba sunaye, kuma ko an samu, biyu nake bukata a jere. Ban ga laifinsu ba. Su ma shekara goma sha ɗaya suka yi suna jira.

Kafin in bar wurin na koma na sa katina mai maki goma sha biyu a ƙuri'ar nan taka. Ko na ci ɗaya ne, ban san wa zan bari a gida ba. Na dai sa.

Anti Noreen


Yell,
2 ga Janairu

Anti Noreen,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Ina fatan jikinki da na Kawu lafiya.

Ta gaggawar sai ran ashirin da takwas ta iso, kwana shida bayan na tura saƙon. Tun ranar ban iya cin abincin kirki ba. Yau kuma ga ta ran ashirin da tara. Na hau tudun coci na rubuta musu sau uku. Na ce ƙarya na yi, na ce ni ne na je wasannin, na ce su kore ni har abada su bar Kawu. Amsa ɗaya ke dawowa, ta na'ura: sun karɓa, za a duba.

Na tambayi wani ɗan Stanbeck da ke aiki a tashar jirgi ko za a samu biyu a ɓangarensu. Ya ce ba sa sayar wa wanda ba ya cikin littafinsu, kuma ko an samu, tsohon da zai miƙe yana mana waƙa a tsakiyarsu ba zai fito lafiya ba. Gaskiyarsa.

Na yi ta cewa tsarin ya cuci mutane, ga shi ni na ɗauke ku na miƙa masa da hannuna. Na so in gyara ne, Anti. Shugabanmu ya ba wani hutun da na mayar, amma in kin ce in zo zan ajiye aikin in zo. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Darryl


Haddleworth,
8 ga Janairu

Darryl ɗana,

Ina gaishe ka. Na samu wasiƙarka. Ka ci abinci, kada ka ƙara mini wani abin damuwar. Kada kuma ka ajiye aikinka, babu abin da za ka tarar a nan da zuwanka zai gyara. Gwiwa da sauƙi. Ƙuri'a ba ta faɗo kaina ba.

Ka ji sakamako, na sani. Mun ci su ɗaya da nema, saura minti biyu a tashi. Kev ya ce bai taɓa ganin irinta ba, manyan maza suna faɗawa kan juna suna kuka. Na ce masa na gode, ya isa haka.

Na so ranar ta wuce bai sani ba. Na ɓoye jarida, na ce talabijin ta lalace. Amma da na sauko da safe na tarar da shi a falo ya shirya tsaf, ya sa kwat a kan rigar barci, ya taje kai. Yadda aka yi ya riƙe wannan ranar a ka, shi da ke manta ya ci abinci, Allah kaɗai ya sani.

Da ƙarfe goma bas ta biyo ta bakin layinmu. Ba hanyarta ba ce. Kev ne ya sa direba ya zagayo don a gaishe shi, suka rage gudu, suka danna oda, suna buga gilashi suna kiran sunansa. Alheri suka yi niyya, su ma. Kafin in kama shi ya fita da silifas, yana ɗaga hannu yana cewa su tsaya. Ya bi su har wurin akwatin wasiƙa. A nan na cim masa, yana haki, yana kallon inda suka sha kwana.

Ya ce, "Nor, sun tafi sun bar mu."

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Ina tikitinmu? Ba kin ce za a aiko ba?"

Me zan ce masa, Darryl? In ce shekara hamsin da biyunsa an share? In yi masa bayanin kwamiti? Zai tambaye ni laifin me ya yi, kuma ba ni da amsa. Sai na ce, "Ni ce na manta ban saya ba, Wilf."

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ma ya yi. Ya daɗe yana dubana, sannan ya kama hannuna ya sa a aljihun kwat ɗinsa don sanyi. Ya ce, "Ba komai, yarinya. Girma ne ya fara kama ki. Kada ki damu, ina nan, zan riƙa tuna miki. In an sake haɗa mu da su sai mu je."

Muka koma ciki. Na kunna masa rediyo, bai gane wasan da ake yi ba, ya yi barci kafin hutun rabin lokaci. Da aka ci ƙwallon ni kaɗai na ji, ban ko motsa ba don kada ya farka. Da ya tashi ya sake tambaya ina tikitinmu, na sake ce masa na manta, ya sake ba ni haƙuri. Kafin dare sau shida muka yi haka, kuma kowane karo sabo ne a wurinsa.

An bugo wa uwarka daga gidan tsofaffin, tunda lambarta na bayar. Gado ya samu, ran ɗaya ga Fabrairu. Takardar kwamitin tana nan ban cike ba, kuma ba na jin zan cike. Katinka zan ba uwarka ta ajiye maka. In shekara ta cika ka fara daga ƙasa kai da 'yar Shaun, kuna da sauran lokaci.

Ba na fushi da kai. Na nemi fushin ban samu ba, gajiya ce kawai ta rage.

Zan tsaya a nan. Yau Litinin, amma ya ce Asabar ce, ga shi can a bakin taga ya sa kwat yana leƙen titi. Bari in je in gaya masa na manta.

Taka,
Anti Noreen